Dabba na tunawa, mu muna mantawa: kira ga ƴan kasuwar iyaka

Duk wanda ya taɓa koro jaki da kaya daga ƙauye zuwa kasuwar Ɗan Isa ko ta Konni ya san halinsa: in ƙafarsa ta taɓa zurmawa a wani wuri, to ko bayan wata nawa aka sake biyowa da shi ta nan sai ya toge, ko da duka sai ya kewaye. Mukan ce taurin kai ne. Amma in muka dubi yadda mu ƴan Adam muke komawa ramin da ya karya mu jiya, sai mu ga ashe jakin nan yana da abin da zai koya mana.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani dattijo, ɗan kasuwar hatsi, da ya same mu a gidan rediyo bayan mun gama shirin farashin kasuwa. Ya ce a 1984, yana saurayi, ya ga mahaifinsa zaune gaban akwati cike da takardun naira da suka tashi daga aiki. Sai ga shi a farkon 2023 shi ma ya wayi gari da jarinsa kaf cikin tsofaffin takardun naira, tsoro ya sa ya kai wa ƴan canji suka karɓa a wulaƙance. Da muka roƙe shi ya faɗa wa masu saurare da bakinsa, sai ya ce a rufa masa asiri. Mun rufa, ba za mu kama sunansa ba. Sai dai wannan rufin asirin ne ya dame mu.

Mu tuna baya kaɗan. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canza launin naira, ta rufe iyakokin Najeriya, aka ba mutane kwanaki ƙalilan su canza kuɗinsu, iyaka kuwa ba ta buɗe ba sai 1986. Abin ya haɗu da fari, shi ya sa har yau tsofaffinmu ke kiran yunwar wannan lokaci El Buhari. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, wanda ya kwana da bashin kayan waje ya tashi bashin ya ninka. A watan Agusta na 2019 aka sake rufe iyaka, sai Disamba na 2020 aka buɗe ƙofofi irin su Illela da Maigatari. A ƙarshen 2022 aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1000. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 a Yamai, takunkumin CEDEAO ya sake datse hanya har watan Maris na 2024, kamiyoyi suka yi layi, albasa ta ruɓe cikin buhu. Wato cikin shekara arba'in an rufe mana iyaka sau uku, an taɓa mana kuɗi sau uku, amma kowane karo sai ya same mu kamar ba mu taɓa ganin irinsa ba: jari duka a kuɗi iri ɗaya, kaya duka a gefe ɗaya na iyaka, bashi a bakin mutane babu takarda babu shaida.

To yanzu mu dubi dabbobi. Mai mangaza ya san ɓera ba ya afka wa sabon abinci. Yakan ɗanɗana kaɗan ya ja da baya, in cikinsa ya ɓaci, to shi da wannan abinci har abada, shi ya sa maganin da bai kashe shi a karon farko ba da wuya ya kama shi a na biyu. Matan ƙauye kuma sun san in zabuwa ɗaya ta hango shaho ta yi kuka, duk garken sai ya watse cikin ciyawa, har kajin gidan su amfana.

Masu bincike sun bi diddigin irin wannan. A dajin Amboseli na ƙasar Kenya akwai wasu ƙananan birai masu baƙar fuska da aka gano kukan gargaɗinsu iri-iri ne. A 1980 aka bayyana sakamakon wani gwaji inda aka ɗauki muryarsu aka sake kunna musu ta lasifika alhali babu wani abin tsoro kusa. Da suka ji kukan damisa sai suka haye bishiya, da suka ji na gaggafa sai suka ɗaga kai sama suka shige duhuwa, da suka ji na maciji sai suka miƙe kan ƙafa biyu suna duban ƙasa. Ashe biri ba ihu kawai yake yi ba, yana faɗin irin masifar da ke tafe, don kowa ya san inda zai fake.

Labarin giwaye ya fi shafar mu. A 1993 an yi mummunan fari a dajin Tarangire na ƙasar Tanzaniya. Garkunan da tsofaffin giwaye mata ke jagoranta sun bar dajin sun tafi neman ruwa da ciyawa nesa, ƴaƴansu da yawa suka tsira. Garken da jagorarsa ba ta kai su shekaru ba ya tsaya wuri ɗaya, shi ya fi kowa asarar ƴaƴa. Masu binciken sun danganta abin da cewa tsofaffin sun ga farin da aka yi daga 1958 zuwa 1961 suna ƙanana, suna riƙe da hanyar da aka bi aka tsira. Tunanin tsohuwa ɗaya ya ceci garke.

Ba muna cewa dabba ta fi mutum hankali ba ne. Allah ya ba mu harshe da alƙalami, yau ga salula a kowane aljihu. Abin da muke cewa shi ne dabba tana haɗa abu biyu, tana tunawa kuma tana sanarwa, mu kuwa ko mun tuna ba mu sanarwa. Ɗan kasuwa in ya ci riba har maroƙa sai sun ji, in ya faɗi sai ya shige ɗaki ya ce zazzaɓi ne. Wanda wani dillali ya cuce shi a Jibiya ba zai faɗa wa maƙwabcin rumfarsa ba, sai mako ya zagayo maƙwabcin ya kai wa dillalin nan kayansa. Haka aka yi da masu cewa kawo jikka goma ka karɓi ashirin bayan wata. MMM ta rushe da kuɗin jama'a a Najeriya a ƙarshen 2016, amma duk sanda irinta ta dawo da sabon suna sai an samu masu yin layi, domin waɗanda suka ƙone a baya sun yi shiru.

Mun san amsar da za a ba mu. Wasu za su ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ɗan kasuwar da ya yarda ya faɗi, gobe ba mai ba shi kaya bashi, masu binsa kuwa za su yi masa caa a ƙofar gida. Wannan gaskiya ne, ba mu raina ta ba. Amma ana iya faɗin ramin ba a faɗi wanda ya faɗa ba. Wasu kuma za su ce ai ba mu ke rufe iyaka ba, ba mu ke canza kuɗi ba, manya ne a Abuja da Yamai. Shi ma haka ne, kuma ba za mu daina kiran hukumomi su riƙa tuna talakan da ke ci daga hanyar Maraɗi zuwa Katsina ba. Sai dai giwa ma ba ita ke hana ruwan sama ba, abin da ke hannunta shi ne ta san hanyar fita. Masu cewa ƙaddara ce, mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya yarda da ita ma yakan ɗaure raƙuminsa kafin ya kwanta.

Saboda haka ga shawararmu. Kowace ƙungiyar ƴan kasuwa, ta masu hatsi ce ko ta dabbobi ko ta albasa, ta ajiye littafi ɗaya hannun magatakarda, a riƙa rubuta kowace irin asara da yadda ta faru da shekararta, ba tare da sunan mai ita ba, a karanta wa sababbin shiga. Sarakunan kasuwa su ware zama ko sau ɗaya a shekara inda dattawan da suka ga 1984 da 1994 za su ba matasa labari tun suna raye, don su ne tsofaffin giwayenmu, kuma kullum raguwa suke. Kowa ya raba jarinsa, wani a sefa, wani a naira, wani a kaya ko dabba, kada a bar shi wuri ɗaya ya kwana. Bashi ko na ɗan'uwa ne a rubuta shi gaban shaidu biyu. Sannan mu daina yi wa wanda ya faɗi dariya a rumfar mai shayi, domin dariyarmu ce ke rufe bakin mai gargaɗi. Mu kuma a gidajen rediyon karkara ƙofarmu a buɗe take, a kawo mana labari mu watsa, suna ya tsaya wurinmu.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma kunne ba ya ji sai wani ya buɗe baki. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.