Mai Saye Da Fadamun Rima

Bahaushe ya daɗe da sanin tambayar asalin kaya. Idan ya shiga kasuwa a Sakkwato zai sayi albasa ko tafarnuwa, yakan so ya ji ko ta Goronyo ce ko ta Wurno kafin ya taya. Sai dai tambayar tasa a kan sunan gari take tsayawa. Da wuya ka ji wani ya tambayi halin da fadamar da ta ba da amfanin take ciki, ko ruwan da aka shayar da ita zai kai baɗi. A ganina wannan giɓi ne babba, domin masu masana'antu sukan kula ne da abin da mai saye yake tambaya, sauran kuwa su yi ko oho da shi.

Mu ɗauki shinkafa alal misali. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a shekarar 2019, kamfanonin casar shinkafa suka ƙaru a Arewa, kuma ma'aunin da jama'a ke auna su da shi bai wuce uku ba: araha, haske, da rashin tsakuwa. Hukuma ita ma da yawan buhuna take yabon su. Alhali kowane buhu na shinkafar rani ruwa ne aka ɗebo daga gulbi ko daga ƙarƙashin ƙasa, da injin ban-ruwa wanda ya kori jigon kakanninmu. Wadda mata ke turarawa a gida kuwa itace take ci, a ƙasar da hamada ke matsowa.

Mutanen wannan yanki sun riga sun ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka auna aiki da girmansa kawai. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, an yabe ta a matsayin abin alfahari. A 1980 aka kashe manoman da suka tashi neman diyyar gonakinsu. Ban da wannan, ambaliyar damina da ke jiƙa fadamun Gulbin Sakkwato, inda Rabah take, ta ragu, noman shinkafar fadama da kamun kifi suka ja baya. Madatsar Goronyo, wadda aka gina a 1984 don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ta nuna mana fuska biyu: a Satumban 2010 ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki, a 2018 kuma ta ƙafe har saura kimanin kashi goma cikin ɗari, hankalin birnin Sakkwato ya tashi saboda ruwan sha. A nan ne mutumin birni ya gane cewa famfon gidansa da gonar manomin Goronyo daga tulu ɗaya suke sha.

Wani zai ce, talakan da ke neman mudun da zai ci yau ina ruwansa da baɗi? Gaskiya ne, kuma zalunci ne a ɗora masa wannan nauyi. A Turai ma ba a bar wa mai saye shi kaɗai ba. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa doka a kan koko da kofi da makamantansu da aka sare daji don noma su. A wurinmu masu ikon yin tambaya su ne manyan masu saye: dillalan da ke loda motocin albasa zuwa Kudu, makarantun kwana, da gwamnatin da ke sayen abinci da yawa. Su ya kamata su nemi kowane kamfani ya faɗi fadamar da ya sayo shinkafarsa, nawa ya biya manomi, da abin da ya kashe wajen yashe magudanan ruwa na Wurno da Goronyo, kafin a sa hannu a takardar ciniki.