Naƙasassun Affala ba su zuwa ci-rani, don me ba a koya musu sana'a?



Kowa ya san halin Adar. Da an kai hatsi rumbu, majiya ƙarfi sun ɗaure kaya: wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Gari sai tsofaffi da mata da yara. Amma akwai waɗanda ba mu cika lissafawa ba: guragu, kurame da makafi, cikinsu har da magidanta da matan aure. Yawancinsu suna gida rani da damina.

To, a wannan lokacin ne salula ke lalacewa a rasa mai gyara, babur ya tsaya sai an jira ranar kasuwa, fitilar sola ta mutu sai an kai ta Tahoua. Aiki na neman hannu, ga kuma masu hannu zaune bakin masallaci suna jiran sadaka. Wallahi asarar ta garin ce baki ɗaya.

Ba doka ce babu ba. Tun 1993 dokar Nijar ta keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun da ke da mutum 20 ko fiye. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. Amma a ƙauyukan Affala ina kamfanin da ke da ma'aikata 20? Nan sana'ar hannu ita ce aikin.

Matsalar horon da muka saba gani, a kira mutane birni kwana biyar, a ɗauki hoto, a ba su takarda, shi ke nan. Wanda ke tafiya da keken guragu cikin rairayi, yaya zai riƙa zuwa Tahoua kullum? In ma ya koya, tela ba keken ɗinki ai sunan tela gare shi kawai.

A ganina, koyon ya zo inda suke. A nemi masu sana'ar gari, a biya su, kowane ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu na tsawon watanni. Asusun FAFPA don irin wannan aka kafa shi, sai mahukuntan kwamin su ƙwanƙwasa ƙofa. Gurgu ya iya gyaran salula da ɗinki a zaune. Kurma ya iya walda da kafinta, ido yake bi. Makaho ya iya tufkar igiya, saƙar gado da kiwo. A Kano, waɗanda shan-inna ta kama suna da ƙungiyar da ke ƙera kekunan guragu da hannunsu.

Ranar yaye su a ba su kayan aiki, a kuma koya musu lissafin riba da ajiya. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, su buɗe wa mata naƙasassu asusunsu.

Sauran aikin namu ne. Iyaye, ku daina yanke wa ɗanku hukuncin bara tun bai gwada komai ba. 'Yan ci-rani, cikin abin da kuke aikowa, keken ɗinki guda bai fi ƙarfin ƙungiyarku ba. Mu kuma in sun buɗe rumfa, mu kai musu ɗinkin Sallah, mu biya kuɗin aiki cif, kar mu ce taimako muka yi.

A ƙauyenku, wane mai sana'a ne zai yarda ya ɗauki almajiri naƙasasshe bana? Ku faɗa mana. Allah Ya sa mu dace.