Uwargida, Yaushe Za Ki Zauna Ki Rubuta?

Yau ina so mu yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, watau yadda mata da yawa a nan Tudun Wada da sauran unguwannin Zariya suke da labari fal a bakinsu, Allah kuma ya ba su ilmin rubuta shi, amma har yau ba su ɗora alƙalami a kan takarda ba. In kin tambayi mace dalili, amsar ba ta wuce guda: "Wallahi ba ni da sukuni, sai dai in yara sun girma." To, a ganina wannan sukunin da ake jira ba zai zo ba. Wadda ta yaye wani, goyon wani za ta ɗauka, wadda ta aurar kuwa jikoki ne za su cika mata ɗaki. Lokacin rubutu yankarsa ake yi daga cikin yinin da ake ciki, a sa masa iyaka, kowa a gidan ya san da shi, kamar yadda kowa ya san lokacin ɗora tukunya.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta fi kama mu mutanen Zariya shi ne, a ƙofar gidanmu aka raini rubutun Hausa na boko. A nan aka shirya gasar 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, ga kuma ginin Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, nan kusa da mu. Amma ki duba sunayen marubutan nan na farko, ba mace ko ɗaya. Sai a 1980 kamfanin NNPC na nan Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid. Ki lissafa daga 1934, lokacin da littattafan gasar suka soma fitowa, shekara 46 ke nan. Duk tsawon shekarun nan mata ba su da abin faɗa ne? Haba! Wa ya yi wa su Abubakar Imam tatsuniya suna yara in ba mata ba?

Ƙarancin sa 'ya'ya mata a makaranta yana daga cikin dalilai, ba shakka. Amma akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba. Sa'ad da aka so Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ɗauko shi aka yi daga aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina a 1936, aka kawo shi Zariya wajen Dokta East, ya yi kimanin wata shida yana wannan aiki, har aka sami littafi na ɗaya da na biyu da na uku. Allah ya jiƙansa, ya yi aikin da har gobe ake cin moriyarsa. Amma ke 'yar'uwa, wa zai ɗauke miki tuƙin tuwo da wankin yara har wata shida don ki rubuta littafi? Babu. Saboda haka hanyarki dabam ce, sai ki dubi matan da suka bi ta kafin ke.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, da 'ya'ya da baƙi da ɗawainiyar babban gida, ga kuma jajis ɗinta da take koya wa karatu su kai wa matan ƙauyuka. Duk da haka ta bar rubuce-rubuce kusan 60 cikin Fulatanci da Hausa da Larabci. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, tun tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta zo ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, har aka juya wannan na ƙarshe zuwa Turanci aka buga shi a ƙasar Indiya a 2012. Akwai kuma Buchi Emecheta, 'yar Nijeriya da ta zauna a Landan ita kaɗai da 'ya'ya biyar, tana aiki tana karatu. Da sassafe take tashi ta yi rubutu kafin yaran su farka. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan mata da aka ba hutu.

To, wane lokaci ya fi? Ni shawarata ki ɗaura rubutunki a jikin salla, domin salla ce kaɗai abin da ba ya gocewa a yinin mace. Abinci yakan yi latti, ruwan famfo yakan zo sa'ad da ya ga dama, baƙi ba sa sallama da agogo, amma azahar tana nan inda take. In kin ce "zan rubuta in na sami sarari", ba za ki rubuta ba. In kuwa kin ce "da na sallame azahar zan zauna", to, kin sami turke.

Waɗansu sun fi son bayan asuba, in an gama lazimi, gari bai waye ba, kai kuma wasai. Yana da kyau ga amarya ko wadda yaranta suka tasa. Amma uwar 'yan makaranta ta san safiya yaƙi ce, ga dama koko, ga wanka, ga neman takalmin wane da ya ɓace. Irin wannan uwargida, hantsi ya fi mata, bayan yara sun fita an yi shara da wanke-wanke, ko kuwa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafin rana ya kori kowa ɗaki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bayan isha. Mace ta yini a tsaye, ga sauro, sau da yawa ga rashin wuta, ga maigida ya dawo yana bukatar a saurare shi. Layi biyu za ki yi barci ya sace ki, gobe ki ce rubutu ya gagare ki, alhali kuwa lokacin ne bai dace ba.

Ke kuma da kike zaune da abokiyar zama, kina da wata dama da mai zaman ita kaɗai ba ta da ita, ko da yake ba a cika kallon kishiya a matsayin alheri ba. In kwana bibbiyu kuke yi, to, ranakun da kika fita girki naki ne. Yawancinmu a kitso da hira a tsakar gida da leƙa maƙwabta suke ƙarewa. Ba na ce ki bar kitso ba. Amma ki cire sa'a guda daga ranar da ba ke ke da tukunya ba, ranar girkinki kuwa ko minti 15 ya wadatar, don kada zaren ya tsinke. Malamar makaranta da ma'aikaciyar asibiti mai aikin kwana, su ma haka, kowacce ta dubi makonta ta ga inda ya yi sako-sako.

Sa'an nan kada ki ɗaukar wa kanki kayan da ya fi ƙarfinki. Shafi ɗaya a rana ya isa. Ki shiga kasuwar Tudun Wada, ko ki aiki yaro, a sayo miki littafin rubutu irin na 'yan makaranta mai warƙa 40, watau shafi 80 ke nan. In kina cika shafi ɗaya kullum, ki huta ranar Juma'a, cikin mako 14 kin cika shi. A shekara, ko da an cire watan azumi da hidimar salla da biki da suna da ranakun jinya, ba za ki rasa shafi 200 ba. Littattafai nawa ne na Hausa da muke ji da su ba su kai haka ba? Matar da ta zauna dare guda ta zuba shafi 20 don zumuɗi, sa'an nan ta yi wata uku ba ta waiwayi littafin ba, wadda take ɗiga shafi ɗaya kullum za ta wuce ta tun kafin damina ta faɗi.

Kuma ki sani, zaman nan na rabin sa'a na zubawa ne kawai. Tunanin tun da can kika yi shi. Ai wannan ita ce ribar aikinmu na gida, hannu yana aiki, kai yana yawo. Kina surfe, kina tankaɗe, kina gyaran shinkafa ko tsinkar zogale, nan za ki shirya abin da wance za ta faɗa wa uwar mijinta da yadda za a mayar mata. Da kin zauna, sai ki juye. In kin zo tashi kuwa, kada ki bari sai maganar ta ƙare tas. Ki tsaya a inda kika san abin da zai biyo baya, kamar mai rufe garwashi da toka don gobe ta sami abin hura wuta. Kada kuma ki tsaya gyaran na jiya, domin mai komawa baya kullum tana goge-goge ba ta wuce shafi na biyar. Gyara sai littafi ya cika. Ki riƙa sa kwanan wata a saman kowane shafi. Ita ma Nana Asma'u takan sa shekarar da ta gama waƙa a ƙarshenta, shi ya sa yau masana suka san wadda ta riga wata.

In rana ta kuɓuce miki, yaro ya kwana da zazzaɓi ko an yi rasuwa a dangi, ba azumi ba ne balle a ce sai kin rama. Washegari ki yi shafinki ɗaya ki tashi. Masu cewa za su biya bashin kwana bakwai a zama guda su ne suke jefar da littafin gaba ɗaya.

Na san 'yan mata da yawa yanzu a wayar hannu suke rubutu, har su rarraba wa masu karatu. Ban ga laifinsa ba, kuma ta nan waɗansu suka shiga gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata a 2016. Sai dai waya gida ce mai ƙofa dubu. Kin buɗe ta don ki rubuta, sai ga hoton anko, sai ga saƙon 'yan adashi, kafin ki farga an kira la'asar. In da waya za ki yi, ki rufe data tukuna har ki gama shafinki.

Saura magana mai nauyi, watau ta maigida. Kada ki yi rubutunki a ɓoye kamar mai aikata abin kunya. Namiji in ya ga matarsa tana tura takarda ƙarƙashin katifa duk lokacin da ya shigo, zuciyarsa ba za ta raya masa alheri ba. Ki same shi a lokacin da yake cikin nishaɗi, ki gaya masa abin da kike yi da lokacin da kika ware, ki kuma tabbata abincinsa bai yi latti saboda shi ba, don kada a sami abin kamawa. Ita Buchi da na ambata, mijinta ƙone mata littafinta na farko ya yi, sai daga baya ta sake rubuta shi, ya fito a 1976. Allah ya raba mu da irin wannan. Ku kuma iyayen gida maza, na san kuna leƙa wannan fili ko da ba ku faɗa, rabin sa'ar da matarka ta yi da biro a ɗakinta ya fi maka alheri a kan wanda za ta yi a bakin katanga ana gulmar maƙwabta. Ke ma sai ki kiyaye amana, kada ki kwashe sirrin gidanku ko na kishiyarki ki zuba a takarda yadda kowa a layinku zai gane da wa kike. Littafin kuwa ki adana shi a akwati ƙarƙashin zannuwa, in ba haka ba wata rana za ki tarar da babi na uku a hannun mai ƙosai.

Wata za ta ce, to, me zan rubuta, ni da ban je ko'ina ba? Ki bar kwaikwayon finafinan Indiya da labarin attajirin da ya mallaki jirgin sama, an yi su har sun gundure mu. Ki rubuta layin awo a asibiti, da rigimar uwar adashi, da yadda aka yi wa ƙanwarki jere da bashi, da irin maganar da ake yi a gidan suna in maza ba sa nan. Ki zauna da kakarki in tana raye, ki tambaye ta yadda Tudun Wada take sa'ad da aka kawo ta amarya. Ki tuna da Baba ta Karo, tsohuwa kuma ungozoma a nan ƙasar Zazzau, wadda ba ta iya karatu ko rubutu ba. Wata Baturiya, Mary Smith, ita ta riƙa zama da ita a ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, Baba tana faɗa tana rubutawa, cikin 'yan makonni aka tara abin da ya zama littafi a 1954. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba, amma har yau duk mai son sanin zaman matan Hausa na wancan zamani, da aurensu da ƙawancensu da yadda aka yi bauta da zuwan Turawa, sai ya nemi bakinta. Tsofaffi irinta suna nan a Tudun Wada da Gyallesu da Tudun Jukun da cikin birni, kowace shekara kuma raguwa suke yi. Wancan karon sai da baƙuwa ta zo daga Ingila. Yanzu kuwa jikokinsu mata sun yi sakandare, waɗansu har Kongo da Samaru, kuma a gida ɗaya suke kwana da su.

Wadda ta cika littafinta na farko, ta aiko mana da shafi biyu ko uku a wannan fili mu gani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.