Bayan Mota Ya Fi Gabanta Tsayi? A Auna Kafin A Taɓa

Mu nan Minnesota sanyi ya fara leƙowa, karatu kuma sai godiya.

Abin da ya sa na zauna rubutu yau shi ne hoton da ƙanena ya turo mini. Ya sayi mota 'yar Kwatano, irin wadda injinta ke juya tayoyi huɗu gaba ɗaya, wato AWD. Sai ya lura bayanta ya ɗan fi gabanta tsayi, wani bakanike kuma ya ce a kawo ya daidaita ta. Ra'ayina shi ne kada a taɓa ta sai an auna.

Motoci da yawa haka ake ƙera su da gangan. Ana barin baya ya ɗan ɗaga don idan mutane sun shiga, aka zuba kaya a but, motar ta zauna daidai. Wanda ya sauke bayan tana fanko, ranar da ya yi lodi zai ga ta durƙusa.

Abin tsoro shi ne akasin haka, kuma ni ya faru da ni. Tsohuwar motata bayanta ne ya zauna. Ban lura ba sai da masu tahowa suka riƙa yi mini ƙyaftawar fitila da dare, don fitiluna sun ɗaga suna haske musu ido. Laifina ne. Buhunan shinkafa, kwashe kayan ɗalibai masu canza gida, ga buhun yashi da na bari a but duk tsawon hunturu. Na zaci shokozoba ce ta mutu, sai bakanike ya nuna mini cewa a yawancin motoci sifirin ne ke riƙe tsayi, shokozoba aikinta hana mota tsalle-tsalle. Sifirin na baya sun gaji, saitin ƙafafu ya goce, tayoyin baya sun cinye ta gefen ciki.

A nan ne mai AWD yake shan wuya. Tsayin jikin mota shi kaɗai ba ya canza yadda tayoyi ke juyawa, amma yana cinye taya, kuma wannan mota ba ta son tayoyi masu bambancin girma. Idan biyu sababbi ne biyu sun sude, ƙananan za su fi saurin juyawa, sai na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ta yi ta aiki ba hutu, ta yi zafi, ta lalace. Kamfanin Subaru, alal misali, yana ba da shawarar kada bambancin kewayen tayoyi ya wuce rubu'in inci. Ni dole na sayi taya 4 a lokaci guda, da kuɗin ɗalibi. Watan nan mun san taliya.

Ga yadda za ka auna, ƙanena. Ka ajiye motar a wuri shimfiɗaɗɗe, ka kwashe kayan but, ka sa iska daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Ka sa tef daga tsakiyar wili zuwa bakin bodin da ke saman taya, duk ƙafafu huɗu. Idan dama da hagu sun yi daidai, baya ya ɗan ɗara gaba, ka bar ta. Idan gefe ɗaya ya karkata, ko baya ya yi ƙasa, a duba sifirin, kuma a canza su biyu tare.

Na san za a ce hanyoyinmu na gida akwai ramuka, dole a ɗaga mota. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma cusa roba a baya kawai yana canza kwanciyar shaf da saitin ƙafa. In ya zama dole, a ɗaga huɗun daidai, kaɗan, sannan a je a yi saiti a gyara fitila.

A gaida Hajiya da su Yaya duka. Ku ci gaba da sa mu a addu'a, jarabawa ta kusa. Allah ya tsare mu a kan hanya, amin.