Kafin a Rataya wa Kamfani Lambar Gaskiya

Ba da lambar yabo ga kamfanonin da aka ce suna riƙe amana a cikin sana'arsu ya zama ruwan dare a duniya. Akan tara manyan mutane a babban otel, a kira sunan kamfani, shugabansa ya hau ya karɓi kofi ko allon tagulla, kashegari hoton ya cika jaridu. Niyyar ba ta da aibi, domin yabon gwani ya zama dole, kuma ɗan kasuwar da ya ƙi tauye mudu alhali maƙwabcinsa yana tauyewa ya cancanci a san da shi. Amma kafin a tafa, akwai tambayar da ta wajaba: da wane ma'auni aka auna gaskiyar nan, kuma wa ke riƙe da ma'aunin? Abin da ya faru a ƙasar Indiya tsakanin 2008 da 2009 ya isa darasi ga duk mai niyyar shirya irin wannan biki.

A wancan lokaci, a birnin Haidarabad akwai wani babban kamfanin aikin kwamfuta mai suna Satyam, wanda Ramalinga Raju ya kafa a 1987. Ma'anar sunan a tsohon harshen Sanskirit ita ce gaskiya. A watan Satumba na 2008 aka ba shi lambar Golden Peacock, wadda ake bai wa kamfanin da ya yi fice wajen tsabtar shugabanci da riƙon dukiyar masu hannun jari. Ba a cika wata huɗu ba asiri ya tonu. A watan Disamba Raju ya nemi ya yi amfani da dukiyar kamfanin ya sayi wasu kamfanoni biyu na iyalinsa, masu hannun jari suka yi ca, ya janye. A cikin watan ne kuma Bankin Duniya ya bayyana cewa ya haramta wa Satyam kwangilarsa har shekara 8. Ranar 7 ga Janairu 2009 Raju ya rubuta wa hukumar kamfanin takarda da kansa, ya amsa cewa ya shekara da shekaru yana ƙara wa lissafi gishiri. Kuɗin da takardu suka ce suna ajiye a banki, kimanin miliyar ɗaya na dalar Amurka, wato wajen miliyar 500 na sefa a canjin wancan lokaci, babu su ko alama. Ya kwatanta halin da ya shiga da na mutumin da ya hau damisa, bai san yadda zai sauka ba tare da ta cinye shi ba. A ranar darajar hannun jarin kamfanin ta zube da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Aka ƙwace lambar, sannan a 2015 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 7.

Alƙalan da suka ba da lambar ba makafi ba ne. Abin da aka ajiye a gabansu shi suka duba. Galibin irin wannan gasa takarda ce ginshiƙinta: kamfani ne ke cika tambayoyi da hannunsa, ya haɗa da rahoton shekara da dokokin da ya rubuta wa kansa, ya aika. Lissafin Satyam kuwa yana ɗauke da sa hannun masu bincike na Price Waterhouse, gidan da sunansa kaɗai ke kwantar da hankalin bankuna. Duk gasar da aka gina a kan abin da mai nema ya faɗa game da kansa, wanda ya fi iya tsara takarda shi zai ci. Maƙaryaci kuwa ya fi kowa kula da kyan takardarsa, tun da ita ce rigar da ke rufe masa jiki.

Kada a ɗauka wannan ciwon Indiya ne kaɗai. A farkon watan Satumba na 2015 ma'aunin Dow Jones na kamfanoni masu kula da muhalli da jama'a ya sa Volkswagen na Jamus a sahun gaba cikin masu ƙera motoci. Ranar 18 ga watan hukumar kare muhalli ta Amurka ta fallasa cewa kamfanin ya dasa wata dabara a cikin motocinsa masu shan gazuwal, wadda ke rage hayaƙi a lokacin gwaji kawai. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. Masu binciken da suka fitar da motocin kan hanya suka auna hayaƙin da na'ura, su ne suka gano ha'incin. Gani ya kori ji.

Akwai kuma batun kuɗi. Cibiyar Ethisphere ta Amurka, wadda tun 2007 take fitar da jerin kamfanonin da ta kira mafiya ɗa'a a duniya, kamfani ne ke neman shiga, ya biya kuɗin rajista, in ya ci kuma ya biya kafin ya manna tambarin a tallarsa. Wannan bai nuna cewa sayar da lambar ake yi ba. Amma ya nuna abu biyu: wanda ba shi da halin biya ba ya cikin lissafi komai gaskiyarsa, kuma mai ba da lambar da masu karɓa ne abokan cinikinsa. Alƙalin da mai ƙara ke ciyar da shi, ko bai karkata ba, jama'a na da haƙƙin yi masa kallon tuhuma.

Idan lamba ta faɗa hannun wanda bai dace ba, asarar ba ta tsaya ga masu biki ba. Mai ajiyar kuɗi yana ganin tambari ya saki jiki. Ma'aikacin gwamnatin da ke zaune a kwamitin ba da kwangila yana samun hujjar rufe ido, ya ce ai kamfanin mai lambar yabo ne. Ɗan kasuwa mai gaskiya kuma, wanda ya ga an ɗaga wanda kowa ya san halinsa, yakan fara tambayar kansa amfanin wahalar da yake sha. Wannan ita ce babbar ɓarna, domin an ƙirƙiro lambar ne don a ƙarfafa masa gwiwa.

Kasuwannin ƙasar nan sun daɗe da nasu ma'auni. A Maraɗi da Damagaram da Birnin Konni an sha ɗora wa mutum kayan miliyoyi bashi ba tare da takarda ba, saboda dillalai da masu masauki da abokan fatauci sun ga yadda ya biya bara da bara waccan. Shaidar ta fito ne daga waɗanda za su yi asara idan ya ci amana, shi ya sa take da nauyi. Takarda kuwa an ga iyakarta a 2020, lokacin da binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron ƙasa ya fito fili, ya nuna an ninka farashin kaya, an kuma biya kuɗin kayan da ba a kawo ba, na miliyar da dama na sefa. Waɗannan kwangiloli duka ta ofis suka bi, da hatimi da sa hannu.

Saboda haka duk ƙungiyar ƴan kasuwa ko hukumar da ke son karrama masu gaskiya a Yamai ko a jihohi, wajibi ne ta ɗaure kanta da sharuɗɗa tun kafin ta buga katin gayyata. Kada a karɓi ko dala daga hannun mai nema, kuma kada wanda ya ɗauki nauyin biki ya shiga gasar. A bayyana sunayen alƙalai, duk mai hulɗar ciniki ko dangantaka da wani mai nema ya koma gefe. A je ofishin haraji da na duwan a ga abin da kamfani ya biya, a je asusun CNSS a ga ko yana zuba kuɗin ma'aikatansa, a tambayi ƙananan ƴan kasuwar da ke kai masa kaya ko yana biyansu a kan lokaci. A buga sunayen waɗanda aka zaɓa wata guda kafin biki, domin mai ƙorafi ya fito da hujjarsa. A buɗe ƙofa ga mai shago da mai injin niƙa, tun da amana ba ta bin girman jari. Sannan lambar ta zama ta shekara guda, mai yiwuwar ƙwacewa a bainar jama'a kamar yadda aka ba da ita. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Ko an cika waɗannan duka, lamba ba za ta maye gurbin doka ba. Kotu ce ta ɗaure Raju, hukuma mai na'urar awo ce ta tilasta wa Volkswagen faɗin gaskiya. Gwamnatin da ke raba kofuna alhali masu binciken kuɗinta ba su da mota ko kariya, ado take yi wa ɗakin da ke yoyo. A fara da hukunta mai tauye mudu. A ranar ne yabon mai cikawa zai yi daraja a kasuwa.