Zagi Ba Hujja Ba Ne: Magana Ga Mayaƙan Windows, Linux da iPhone

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata cuta da ta shigo gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp da shafukan Facebook, kuma kowa ya ɗauke ta abin dariya. Mutum zai yi tambaya ƙarama, ya ce mashin ɗinsa ya yi nauyi, mi ya kamata ya yi. Kafin ya aje waya, wani ya ce masa ai duk mai aiki da Windows bawan Bill Gates ne. Wani ya mayar da martani cewa ƴan Linux matsiyata ne masu son banza. Mai iPhone ya leƙo ya ce shi ba ya gardama da ƴan Itel. Saƙo ɗari ya wuce, an zagi iyaye, wani ya fita daga gurup. Mai tambaya kuwa yana nan da mashin ɗinsa mai nauyi, ba wanda ya ce masa ko kala.

Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, aikina sauraren yadda mutane ke magana. Abin da na lura da shi a wannan faɗa yana cikin wakilin suna. Gardama takan fara da "shi": Windows yana cin wuri, Linux yana da wuyar saba wa. Muddin ana kan "shi", sistem ake tattaunawa, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, kuma kowa na iya ƙaruwa. Da zarar jimla ta koma "kai" ko "ku", to an bar na'ura an kama mutum: kai baƙauye ne, ku ba ku waye ba. Ku koma ku duba kowace rigima da ta tashi a gurup ɗinku, za ku ga daidai layin da "shi" ya zama "kai". Daga nan ba a sake koyon komi.

Na san amsar da za a ba ni: haba, wasa ne! Mu ƴan Nijar mun fi kowa sanin wasa. Wasan taubasai namu ne, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Bafillace da Babarbare za su haɗu su yi wa juna tsiya, su rabu da dariya. Amma wannan wasan yana da ƙa'ida. Su biyun sun san dangantakar da ke tsakaninsu, kowa na da damar ramawa, kuma an san inda ake tsayawa. Wace taubasantaka ce tsakaninka da yarinyar da ta shigo shekarar farko, ba ka taɓa ganinta ba, ta yi tambaya ka maida ta abin dariya gaban mutum ɗari biyu? Wannan cin mutunci ne aka yafa wa rigar wasa.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Yawancinmu ba mu zaɓi sistem ɗinmu ba, aljihu ya zaɓa mana. Wayar da ke hannun ɗalibi ta yayansa ce da ya daina aiki da ita, ko kuma wadda uwarsa ta sayar da akuya ta saya masa. Kwamfutar ta hannu ce, an sayo ta da Windows ɗin da mai gyara ya zuba mata. In ka zagi Tecno ko Itel ɗin mutum, ba kamfanin da ke Shenzhen ka taɓa ba, su sun riga sun karɓi kuɗinsu. Talaucin gidansu ka taɓa. Kai kuma mai zagin, nawa Apple ta biya ka? Microsoft ta san da zamanka a Maraɗi ko Tawa? Kana ɓata zumunci da wanda kuke shan shayi fada guda, saboda kamfanin da ko sunan garinku bai iya faɗi ba.

Mayaƙan Linux kuma ina da magana ta musamman da ku, don ku ne ke ganin kun fi kowa ilimi. Ku karanta tarihin abin da kuke kariya. Linus Torvalds ɗalibi ne kamarmu a jami'ar Helsinki lokacin da ya fara Linux a 1991. A farkon 1992 Farfesa Andrew Tanenbaum, wanda ya rubuta MINIX, ya ce tsarin ginin Linux tsohon yayi ne. Torvalds ya mayar da amsa da zafi, daga baya ya dawo ya nemi afuwa kan yadda ya yi maganar, bai kuma janye hujjarsa ba. Har yau ana karanta wannan muhawara saboda abin da ke cikinta na ilimi. A watan Satumba na 2018, mutumin nan da duniya ta san shi da kaifin baki ya sake fitowa fili ya ba da haƙuri kan yadda yake wulaƙanta masu aiki tare da shi, ya ɗan janye daga aiki, aka kuma kafa sabuwar ƙa'idar mu'amala tsakanin masu gina Linux. In mai abu ya gane cewa zagi na korar masu taimako, kai da ka zuba Ubuntu watan jiya mi kake taƙama da shi? Shi kansa sunan Ubuntu, da ya fito a 2004, kalma ce ta Zulu da Xhosa na Afirka ta Kudu, ma'anarta mutuntaka. Abin kunya ne a ɗauki wannan suna a ci mutuncin mutane da shi. Kuma kafin ka raina mai ƙaramar waya, ka sani Android a kan zuciyar Linux aka gina shi. Wanda kake zagi ɗan gidanku ne.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Ban ce a daina gardama ba, ban kuma yarda da masu ɓuya bayan "ra'ayina ne" ba. Akwai maganar da ake iya aunawa, akwai ta son rai. In ka ce tsarin iPhone ya fi maka daɗin taɓawa, son ranka ne, ba mai hujjar da zai kayar da kai, kowa da kiwon da ya karɓe shi. In kuwa ka ce Linux ba ya kamuwa da birus sam, ko kwafin sata na Windows ba shi da hatsari, wannan kuskure ne, kuma gyara maka shi ba raini ba ne. Girmama mutum wajibi ne. Girmama ra'ayinsa shi ne a saurare shi har ƙarshe, a amsa abin da ya faɗa da gaske, a kuma bar masa damar zama kan zaɓinsa. A fanninmu an koya mana cewa Damagaranci bai fi Aderanci ba, Kananci bai fi Katsinanci ba, kowane karin harshe yana biyan buƙatar masu shi. Wannan bai hana mu ce wa mutum ya rubuta "kasa" inda yake nufin "ƙasa".

Alhali muna da abubuwan tattaunawa na gaske da zagi ya danne. Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 ranar daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, Windows 11 kuma na buƙatar TPM 2.0, wanda tsofaffin mashina da yawa ba su da shi. Mi mai tsohuwar kwamfuta zai yi? Linux mara nauyi kamar Lubuntu na iya rayar da ita. Amma in ya rubuta memwar ɗinsa da LibreOffice, wurin buga takardu suka buɗe da Word, shafuka na iya hargitsewa, sai dai ya maida shi PDF tukuna. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda da yawanmu ba su san yadda ake samo su ba, alhali Gboard na da Hausa, Keyman kuma na aiki a Windows da Linux da Mac da waya. Wannan shi ne ilimin da ƙannenmu ke buƙata. Duk ranar da aka yi wa mai tambaya dariya, wasu goma sun yi shiru, sun tafi wajen mai gyara sun biya kuɗin abincinsu kan abin da za a iya nuna musu cikin minti biyar.

Saboda haka ga abin da nake nema. In an yi tambaya kan Windows, a amsa kan Windows, wa'azin Linux ya biyo baya in an nema. Kafin ka ba da shawara, tambayi mutum wane aiki yake yi, mi kuma aljihunsa zai ɗauka. Masu riƙe da gurup su daina kallo suna tura hoton dariya, su tsawata tun a zagin farko. Kai kuma da yatsanka ke rawa, duba jimlarka kafin ka tura: a kan "shi" take, ko ta koma "kai"? In ba za ka iya faɗin ta a fada ba, gaban mutumin, yana miƙo maka kofin shayi, to goge ta.