Kujerar kishingiɗa: Auna ɗakin 'yarka kafin ka sayar da riɗinka

Da zarar kaka ta yi a Kangire, maganar aure ke tashi. Manomi bai gama zuba gero da dawa a rumbu ba, bai gama ware riɗin da zai kai kasuwar Sara ba, sai uwargida ta miƙo masa waya ta ce, "Malam, dubi irin wadda yarinyar nan take so."

Kwanakin baya na raka wani yayana da zai aurar da 'yarsa wurin kafinta a Birnin Kudu. An gama maganar gado da sif da saitin kujeru, sai ya ciro hoton da aka tura masa ta WhatsApp. Wata doguwar kujera ce mai majingina a gefe ɗaya, wadda ake miƙe ƙafa a kai. Kafintan ya ce zai iya, amma kuɗin da ya faɗa ya haura mafi ƙarancin albashi na wata guda, wato Naira 70,000. Yayan nawa ya yi shiru, sannan ya ce da ni, "Kai da ka yi boko, mene ne amfaninta?"

Na ba shi amsa a can, kuma ina ganin ya kamata sauran iyaye su ji. A ra'ayina, yawancin gidajenmu ba sa buƙatar wannan kujera, kuma bai kamata uba ya ci bashi ko ya taɓa abincin gidansa saboda ita ba.

Daga ina ta fito?

Sunanta da Faransanci chaise longue, ma'ana doguwar kujera. Ta yi tashe a gidajen masu hali na Faransa a ƙarni na 18, inda ake da ɗakuna da yawa, har da wanda uwargida ke hutawa da rana ba tare da ta koma gado ba. Shahararren zanen nan da Jacques-Louis David ya yi wa Madam Récamier a 1800 ya nuna ta a kishingiɗe kan irin wannan kujera, shi ya sa har yau ake kiran wani samfurinta da sunan matar.

Ke nan an ƙera ta ne domin mutum ɗaya ya huta a wadataccen ɗaki. Falon amarya a wurinmu kuwa wurin taro ne. Dangin miji za su zo, ƙawaye za su zo, makwabta za su shigo barka idan an haihu. Tsawon kujerar yakan kai ƙafa biyar zuwa shida, kusan daidai da kujera mai cin mutum uku, amma mutum ɗaya take ɗauka da daɗi. A falon da bai wuce ƙafa 12 kowane gefe ba, wanda tuni saitin kujeru da teburin talabijin suka cinye bangonsa, ina za a shimfiɗa dardumar salla? Ina yaro zai yi rarrafe?

Ga kuma tambayar da ba a cika yi ba: wa zai hau ta? Amarya ba za ta miƙe ƙafa a gaban surukarta ba. Baƙo mai kunya ba zai kishingiɗa a ɗakin mutane ba. Ƙarshenta ta zama wurin jibge wanki.

Kishingiɗa kuwa ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Sarakuna da attajirai sun daɗe suna jingina da tumtum a kan kilishi ko darduma. Tumtum biyu da kafet mai kyau suna yin aikin, a ɗauke su a share ɗaki, a fitar da su tsakar gida idan zafi ya matsa.

Lissafin aljihu

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, komai na kafinta ya tashi: katako, soso, yadi, gam, ƙusa da kuɗin mota daga Kano. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Uban amarya a Kangire ko Gwaram da amfanin gona yake biyan wannan tsada. Kuma da kaka yake sayarwa, lokacin da hatsi ya fi araha, sannan ya dawo ya saya da tsada idan damina ta yi nisa.

Nauyin kayan ɗaki ya kai matsayin da gwamnatoci ke shiga ciki. A Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a auren gata, kuma cikin abin da ta ɗauke wa iyaye har da gado da katifa. Idan gado da katifa sun isa su tsayar da aure har sai hukuma ta sa hannu, me zai sa mu ƙara wani sabon abu a jerin da za a riƙa goranta wa wanda bai yi ba? Haka kowane yayi ke farawa. Bana 'yar mai kuɗi ce ta zo da ita, baɗi 'yan ganin ɗaki sun fara tambayar ina take.

Malamai sun sha faɗa a kan mumbari cewa addini bai wajabta wa uba wannan jere ba, al'ada ce da kyautatawa. Kyautatawa kuwa daidai ƙarfi ake yin ta.

Wanda ya kamata ya saya

Ba cewa nake kujerar ba ta da amfani ba. Gidan da ke da dattijo ko mai jinya da zaman tabarma da tashi ke wahalar da shi, ko mai juna biyu da ke son ɗaga ƙafa, zai more ta. Haka wanda Allah Ya hore wa babban falo da kuɗin da ba na bashi ba. Amma ko shi ya lura da abubuwa huɗu.

Na farko, a auna ɗaki da faɗin ƙofa kafin a ba da kafin alƙalami. An sha kai kaya gidan amarya su ƙi shiga, sai an cire ƙyaure.

Na biyu, a je a ga katakon tun kafin a rufe shi da soso. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa idan ya bushe, kuma a ɗakin da ba tayil ko siminti mai kyau, gara ba ta jira. A sa a yi masa magani, a kuma yi wa kujerar ƙafafu masu ɗan tsayi.

Na uku, yadi. Karammiski yana da kyau a hoto, amma yana shan ƙurar hunturu, maɓallai da lungunansa kuma maɓoyar kuɗin cizo ce. Ledar roba tana tsagewa a zafin Maris da Afrilu. Yadi mai kauri da za a iya cire rigarsa a wanke ya fi dacewa da mu.

Na huɗu, kada a ruɗe ka da "'yar waje ce". Ka tambaya da kyau kafin ka biya kuɗin Turkiyya a kan aikin Kano. Kafintan garinku ma ya fi, domin idan ƙafa ta karye ka san inda za ka same shi.

Abin da ya fi mata

Kuɗin kujerar nan zai iya sayen keken ɗinki na hannu, ko tunkiya, ko ƙaramar sola da fanka da za ta sa amarya ta yi barci a watan zafi. Tunkiya za ta haihu. Keke zai kawo kuɗin cefane ranar da miji ba shi da shi. Kujera kuwa daga ranar da aka sauke ta daga mota darajarta ke raguwa, kuma duk matar da ta taɓa kai kayan ɗakinta wurin dillaliya ta san abin da ake tayawa.

Ga iyaye mata da ƙawayen amarya, ku ne kuke da wuƙa da nama a wannan magana, domin bakinku ake tsoro ranar jere. Idan kuka daina ƙirga abin da babu a ɗaki, uba zai daina sayar da abin da iyalinsa za su ci.

Yayana dai bai sa an yi kujerar ba. Ya ƙara kuɗi an sa soso mai kyau a saitin kujerun, ragowar ya saya wa yarinyar tunkiya mai ciki. Allah Ya ba su zaman lafiya.